Kyamara a Kan Sandar Farin Ƙyalle

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da 'yan firamare, amma a duk tsawon lokacin nan ban san inda gonarmu ta fara da inda ta ƙare ba. Ni 'yar garin Rufa'a ce, mahaifina tela ne a kasuwa, na tashi tsakanin zare da almakashi. Aure ne ya kawo ni wani ƙauye na Hausawa kusa da Wad Haddad, inda kowane gida ke da hawasha, wato yankin gonar da manomi ke riƙe da shi a ƙasar ban-ruwa. Abin da na sani game da tamu bai wuce cewa dawa na shigowa gida a kan amalanken jaki ba, kuma maigidana yana dawowa da taɓo har gwiwa, ni ce mai faɗa a kan tabarma.

Maigidan nawa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da magana ke yi wa nauyi. In ka yi masa tambaya mai tsawon hannu, amsar da za ka samu ba ta fi kan yatsa ba. Ni kuwa Allah ya ba ni baki, sana'ata ma da shi ake yin ta, saboda haka zamanmu ya yi daɗi: ina faɗa, yana ji. Abu guda ne muke saɓani a kansa duk shekara. Da zarar lokacin shuka ya zo, sai ya ɗauko tsohon rawaninsa fari, wanda na wanke na goge na ninke, ya yage kamar kamu ɗaya daga bakinsa ya cusa a aljihu. In na ce me rawanin ya yi masa, sai ya ce, "Na gona ne." Na ɗauka na korar tsuntsaye ne, na kuma sha gaya masa cewa tsuntsun da zai ji tsoron guntun rawani bai cika tsuntsu ba. Yakan yi murmushi ya fita abinsa.

Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ne abokin nomansa. Tun suna samari suke tare, hawasharsu na jikin juna, magudanar ruwa ɗaya ke shayar da su. Da ƙafar maigidana ta fara ciwo, maƙwabcin ne ya karɓi ban-ruwa da noman gonarmu, in kaka ta yi a raba amfani. Kowa Hajji yake ce masa, ni ma haka, shi kuma Ustaza yake kirana, yadda ake kiran malamar makaranta a nan. Tsakanin gidansu da namu akwai wani kwanon silba mai lotsattsen murfi da ba wanda ya tuna na waye. In na yi miyar kuɓewa busasshiya sai in miƙa shi ta kan katanga, in matarsa ta yi kisra, wato siririyar wainar dawa, ko ta dafa wake sai ya dawo a cike. Kwanon nan bai taɓa kwana biyu a gida ɗaya ba.

Maigidana ya rasu mako biyu bayan shuka. Na shiga takaba, na yi wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Ranar da na fita, dawa ta riga ta yi kai ta fara nuna, ni kuma na wayi gari da wata zuciya da ban san ina da ita ba. Na ce tunda gonar nan ta dawo hannuna da na 'yata, ba zan zauna kamar baƙuwa a kan abina ba. Na ɗaura farin tob ɗina na koyarwa, dogon mayafin da matan nan ke naɗawa, na bi bakin magudana ina tambayar mutane ina hawashar gidanmu take. Na ji kunyar tambayar, amma na yi ta.

Gonar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sai dai da na zagayo ta gefen hanya, inda amalanke da masu ƙafa ke wucewa, na ga layuka uku na bakin hanya sun yi giɓi. Karan na tsaye, kawunan babu. Ba cin tsuntsu ba ne, ba na jaki ba ne, yankan wuƙa ne mai tsafta. A farkon layukan an kafa wata doguwar sanda, guntun rawanin maigidana na ɗaure a kanta, rana ta fara cinye shi. Na tsaya na kalli ƙyallen har idona ya cika, sannan na sake kallon karan da aka yanke, sai hawayen ya koma fushi.

Hajji na can ƙarshen gona da shebur yana gyara bakin ruwa. Bayan mun gaisa ya yi mini barka da fita, na ce, "Hajji, layukan nan na bakin hanya fa? Na ga an yanke kawunansu."

Ya ɗaga kai ya duba can, ya ce, "I, an fara. Kullum haka na, Ustaza."

Ya mayar da kansa kan shebur. Ni kuma na dawo gida ina tafasa. A ce an yanki dawar mamaci, mutumin da aka ba amana ya ce kullum haka ne, ko a jikinsa. Na kwana biyu ina juya maganar, ina haɗa wannan da wancan yadda nake haɗa amsoshin yara in gano wanda ya kwafi na wani. Wa ke zuwa gonar kullum? Shi. Wa ya san maigida ba ya nan, matarsa kuma ba ta san komai ba? Shi. A kwana na uku kwanon silba ya zo da wake, na juye, na wanke, na kife shi a kan kanta, ban mayar ba.

Na san abin da nake shirin yi babba ne. In na tabbatar, zan karɓe gonar daga hannunsa in ba wani, kuma a ƙauye irin namu wannan ba ya ɓoyuwa. Zumuncin shekara arba'in zai mutu, matarsa da ta riƙe hannuna ranar da na haihu za ta daina gaishe ni. Ban so haka ba. Amma ban kuma so a mayar da ni wawuya ba, kuma ina jin wannan na biyun ne ya fi ƙarfi a raina.

Na kira 'yata da ke aiki a wani kantin magani a birnin Madani, na zayyana mata komai. Ta ce, "Yumma, ki tambayi Baffa Hajji kai tsaye mana. Magana ɗaya ce."

Na ce, "Na tambaye shi. In na sake, ya san ina zarginsa. Ni shaida nake so."

Ita ce ta ba ni labarin wata kyamara da masu gonar kaji da masu injin ban-ruwa ke saye, wadda ake ɗaurewa a bar ta, in wani abu ya gifta ta ɗauki hotonsa da kanta, ko da rana ko cikin duhu. Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali, tana zaton ba zan yi ba. Washegari da hantsi ina cikin motar Madani.

Shagon da ta kwatanta mini na wani mutum ne mai furfura a gemu, yana sayar da faifan sola da batura da fitilu. Da Larabci muka fara. Ya jero mini kyamarori iri uku a kan tebur, kowace kamar ɗan akwatin sabulu, an yi musu fenti kore da ruwan ƙasa. Na ɗauki ɗaya na juya ta, na ce a ƙasan maƙoshi, da Hausa, "Wannan kuma kamar kunkuru." Sai ya fashe da dariya ya ce, "Hajja, ashe ke tamu ta." Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi, amma ta isa ciniki, ya kuma aika a kawo mini shayi.

Ta farko mai layin waya ce. Ya ce da ta ɗauki hoto sai ta turo mini a wayata nan take. Na tambaye shi ko ta san hawa tudu, domin a gonarmu sai mutum ya hau gaɓar babbar magudana ya ɗaga hannu sama kafin waya ta kama. Ya ce to, wannan ba tawa ba ce, ya ture ta gefe. Ta biyu ita ce mai sauƙi, amma ya gaya mini gaskiya cewa in duhu ya yi idanunta na yin ja kamar garwashi lokacin ɗauka. Na ce wato ɓarawo ya zo ɗaukar dawa ya samu kyautar kyamara. Ya ce, "Tamam, haka ankai ma wani mai awaki." Ta uku ba ta haske ko kaɗan, tana ajiye hotuna a wani ɗan kati da bai kai farce ba, batura takwas take ci, kuma ya ce za su kai ni girbi.

Na yi masa jarrabawar baka yadda na saba. Zafin rana fa? Ya ce tana jurewa, amma kada in sa ta kallon gabas ko yamma, rana za ta makantar da ita safe da yamma, in juya ta arewa. Ƙura da raɓa fa? Ya buɗe ta ya nuna mini robar da ke zagaye da murfin. Daga nesa nawa take gane fuska? Ya fita waje ya tsaya a bakin titi ya ce daga nan, in ya wuce haka sai dai in gane riga. Ya ce in ɗaura ta daidai ƙirjin mutum, in kuma cire ganyen da ke gabanta, in ba haka ba duk iskar da ta kaɗa sai ta ɗauka. Ni dai abin da na fi nanatawa shi ne duhu. Na sa shi ya rufe ƙofar ɗakin ajiyarsa ya gwada mini har sau biyu, domin a sanina ɓarawo ba ya aiki da rana.

Da zai sa mini ita a leda ya ce, "Hajja, wane icce za ki ɗaura ta? An yi ta don daji, shi ya sa launinta na ɓawon icce."

Sai a lokacin na tuna cewa daga bakin gonarmu har iyakar ganin ido babu bishiya ko ɗaya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, ruwa da dawa da sama kawai. Na ce masa zan san yadda zan yi. A mota na rungume ledar a cinyata, ina jin daɗin kaina, ina ganin na yi wayo irin na mutanen birni.

A nan ne tarbiyya ta ba ni matsala. Ba a sa abu a gonar da mutum ke nomawa ba tare da an gaya masa ba, ko da gonar taka ce, kamar yadda ba a shiga gida ba sallama. Na yi niyyar in je a ɓoye, ƙafata ta ƙi. Ga shi kuma ban iya ɗaure igiyar abin ba. A ƙarshe wanda na sayo kyamara don in kama, shi na je na samu a bakin ruwa na ce ya taimaka ya ɗaura mini. Na ce masa ina so in ga dabbobin da ke shiga ne. Ƙarya ce, ya kuma san ƙarya ce, domin ba a taɓa ganin akuya da wuƙa ba.

Ya karɓa ya jujjuya ta. Muka taka har bakin hanya. Abu ɗaya ne tsaye a wurin da zai iya ɗaukarta, sandar nan mai farin ƙyalle. Na nuna ta.

Ya tsaya. Ya ce, "Ustaza, a wanga icce?"

Na ce, "Akwai wani ne?"

Ya ce, "In kafa miki wani can ciki."

Na ce a'a, nan nake so, nan ake yankan. Zuciyata ta ce kin gani ko, ya tsorata. Ya ɗan jima yana kallon ƙyallen, sannan ya durƙusa ya ɗaure ta tamau a ƙarƙashinsa, ya juya ta arewa kamar yadda na ce, ya karya ganye biyu da ke gabanta. Har ya ja da baya ya tsaya cikin layukan ya ce in duba ko tana ganinsa sosai. Na duba, tana ganinsa.

Kwana shida na ba ta. A kwanakin nan matar Hajji ta leƙo ta katanga sau ɗaya ta tambayi lafiyata, ba ta tambayi kwano ba, ni ma ban ambata ba. Ranar Asabar da safe na je na ciro katin, na dawo na zauna a rumfa bayan azahar, na sa tabarau, na sa katin a waya yadda mai shago ya koya mini.

Hoton farko Hajji ne tsaye cikin layuka, hannuwa a baya, kamar ɗalibin da aka kira gaban allo. Daga nan sai ganye. Ganye ya karkata dama, ganye ya karkata hagu, na yi ta turawa har yatsana ya gaji. Sai hancin jaki ya cika fuskar wayar. Sai balbelu. Hotunan duhu, waɗanda na sha wahalar zaɓe dominsu, babu komai a ciki sai wata yanyawa da ta wuce sau biyu ba ta ko kalli dawa ba.

Mutum na farko da ya shiga layukan da hantsi ya shiga, ido na ganin ido, ba ya waige. Wata tsohuwa ce da buhu a kafaɗa, daga ganin shigarta ta kambo ce, unguwar bukkokin 'yan ƙwadago da ke zuwa tsintar auduga. Ta yanki kawuna kaɗan, abin da zai yi tuwon yini ɗaya. A hoto na gaba ta ajiye buhun, ta fuskanci sandar, ta ɗaga tafukanta biyu. Na ce lallai, har da yi wa kyamara ba'a. Na tura gaba. Wani mai amalanke ya tsaya, ya yanka, ya ɗaga hannuwa. Wasu mata biyu da goyo, su ma haka, ɗaya har tana shafa fuska. Ba wanda ya wuce layi na uku, ko da taki ɗaya, alhali dawar ciki ta fi girma kuma ba mai gani.

Hajji yana cikin hotunan kowace safiya. Yakan zo da shebur a kafaɗa, ya miƙa hannu sama da kyamarar ya gyara ƙyallen, ya wuce. Bai taɓa kai ɗaya na dawa ba. Ranar Juma'a ya ajiye shebur, ya ɗaga hannuwa, ya daɗe, domin hotuna biyar a jere duk yana nan yadda yake.

Hotunan ƙarshe su ne suka hana ni cin abinci ranar. Wata mace ce matashiya, ta yanki nata, ta ɗaga hannuwa. A na gaba fuskarta ta matso dab, tana leƙen idon kyamarar. A na gaba ta sunkuya tana ajiye kawunan dawar a ƙasa, a gindin sanda. A na gaba bayanta kawai ake gani. Wannan da yammacin Juma'a ne. Da na je ciro katin na ga kawunan a wurin, na tsallake su, ban kawo komai a raina ba.

Ban gane duka ba, amma na gane abin da ya isa. Ɓarawo ba ya addu'a a inda ya yi sata, ba ya kuma mayar da abu don ya ga ido. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yarinya. Na tashi na hura wuta, na yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, na sauko da kwanon silba daga kan kanta na cika shi. Ban miƙa ta katanga ba, na zagaya ta ƙofa na yi sallama.

Suna zaune a tsakar gida bayan la'asar, matarsa na gasa kofi a kasko. Ta karɓi kwanon ta buɗe, ta rufe, ta ce, "Ashe yana raye." Ta shimfiɗa mini tabarma. Na zauna na rasa ta inda zan fara, ni da ban taɓa rasa magana ba.

Na ce, "Hajji, na yi maka mummunan zato. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na sani, Ustaza. Tun randa kwano ya ƙi dawowa."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini? Su waye waɗannan mutanen?"

Sai ya ba ni labarin, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce kakan maigidana da nasa a ƙafa suka taho daga yamma za su Makka, kamar kakannin yawancinmu. Tafiyar ta ɗauke su shekaru. A wani wuri yunwa ta kusa kashe su, sai wani manomi da ba su ma jin yarensa ya nuna musu gefen gonarsa ya ce su yanka. Da kakan maigidana ya samu hawasha a nan, ya yi alkawarin layuka uku na bakin hanya ba nasa ba ne, na mai wucewa ne. Farin ƙyalle shi ne alamar. Duk wanda ya gan shi ya san zai iya yankan na yini ɗaya ba tare da ya roƙi kowa ba, ba kuma wanda zai kalle shi. Abin da ake biya shi ne Fatiha ga masu gonar da suka riga mu.

Ya ce, "A da gidaje da yawa na yin haka. Yanzu saura ku da wasu biyu. Bana da sunka ji ya rasu, har waɗanda ba su da bukata na tsayawa su yi mai addu'a."

Na ce, "Amma da na tambaye ka ranar nan, ai da ka yi mini bayani."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko. Ya ce, "Ustaza, shekara nawa kina wanke rawanin nan? Na ɗauka kin san inda guntunshi ke zuwa. Da na gane ba ki sani ba, kin riga kin kife kwano. In na buɗe baki sannan, mi za ki ce? Mai laifi na wanke kanshi."

Gaskiyarsa ce, abin da zan ce ke nan. Matarsa ta zuba mini kofi a ɗan finjali, ta ce in sha kafin ya huce, ta kuma ƙara da cewa su biyun nan, mijinta da nawa, in an haɗa maganar da suka yi a rayuwarsu ba za ta cika kwanon nan ba. Muka yi dariya, ni tawa da hawaye a ciki. Na ji haushin maigidana a ranar, na kuma ji sonsa fiye da kowane lokaci.

Sai Hajji ya ce akwai sauran magana. Tun yammacin Juma'a labari ya zaga kambo cewa matar mamaci ta sa ido a kan sanda. Ba wanda ya sake shiga. Mutanen nan, in ji shi, sun gwammace su kwana da yunwa da a ɗauki fuskarsu suna ɗiba.

Na ce, "Yaya zan gyara?"

Ya ce, "Yadda kinka ɗaura ta da rana, ki kwance ta da rana. Ran kasuwa, lokacin da hanya ta cika."

Ranar kasuwa na je tun da hantsi. Amalanke na wucewa, mata da kaya a ka, kowa na satar kallona. Na kwance kyamarar da hannuna, na daɗe ina fama da ƙullin Hajji, ban kuma yarda ya taimaka ba. Na ciro katin daga jakata na ɗaga shi sama yadda za a gani, na karya shi biyu na jefa a magudana. Guntun rawanin ya riga ya zama tsumma, na kwance shi na sa a jakata, yana nan a akwatina har yau. Sannan na kama bakin farin tob ɗin da ke jikina, wanda na yi shekaru ina shiga aji da shi, na sa haƙori na yage kamu ɗaya na ɗaura a kan sandar. Wata mata a kan amalanke ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji, "Ustaza ta ɓata tob mai kyau." Na ce mata na gona ne.

Kyamarar ban yar da ita ba, abu ne mai kyau kuma na sha wahalar zaɓensa. 'Yata ta kawo sabon kati, muka ɗaura ta a turken awakina a bayan gida, inda ta gano mini cewa mai buɗe ƙofar garken ba kowa ba ne illa wata jar akuya da ta iya ture sakata da ƙaho. Gonar kuwa tana hannun Hajji har yanzu. Nakan je sau biyu a mako, na koyi gane lokacin da dawa ke son ruwa, na kuma koyi yin tambaya ta biyu in amsar farko ta yi gajarta.

Amma a makon nan na farko ban samu sukuni ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, layukan na tsaye ba wanda ya taɓa, tsuntsaye ne kawai ke biki a kansu. Kullum da yamma sai in tsaya jikin katanga in ji ko Hajji ya dawo, shi kuma sai ya girgiza kai. Na fara tunanin na kashe abin da mutum uku suka raya, kaka da ɗa da jika, a cikin kwana shida.

A rana ta biyar ina tankaɗe a rumfa na ji an ƙwanƙwasa murfin kwano a kan katanga. Na ɗaga kai na ga hular Hajji da rabin fuskarsa, kwanon silba na gabansa.

Ya ce, "Ustaza, albishirinki. Yau an yi miki sata."

Na ajiye rariya, na ce, "Da yawa?"

Ya ce, "Na yini ɗaya."

Na yi hamdala, na miƙa hannu na karɓi kwanon, da ɗuminsa.